Zogalen Bayan Katanga

Akwai wani mutum a Gidan Igwai, cikin garin Sakkwato, ana kiransa Sodangi. Shekara ashirin da ɗaya ya yi yana aiki a Abuja. Gida sai da salla, sallar ma ba kowace ba.

Yana can aka bugo masa waya cewa mahaifinsa, Malam Na'Allah, ya rasu. Kafin ya iso an riga an kai tsohon makwancinsa. Wannan rashin sallamar ya tsaya wa Sodangi a rai, ya ƙi wucewa. Da ya ajiye aiki sai ya kwaso iyalinsa ya dawo gidan gado.

Abin da ya fi kewa a gidan shi ne ɗan lambun da ke tsakar gida. Bishiyar zogale bakwai ne jere a jikin katanga, Malam Na'Allah ya shuka su da hannunsa. Sodangi yakan tuna yana yaro, ya farka ya ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya ga tsohon da bokiti yana bi gindi gindi yana ba su ruwa, bakinsa na motsi da tasbihi.

Sai ya ƙudura a ransa, tunda bai samu yi wa Baba hidimar ƙarshe ba, zai mai da lambun nan abin kallo.

To, ga abin da Sodangi bai sani ba, ni kuma zan gaya muku tun yanzu. Rassan zogalen nan duk waje suka leƙa, ta saman katanga zuwa cikin lungu, kuma da gangan aka yi su haka. Duk shekara Malam yakan sare rassan ciki ya bar na waje, don matar da ta wayi gari ba abin sawa a tukunya ta miƙa hannu ta tsinka, ba tare da ta yi sallama ta zubar da mutuncinta ba. Yakan ce wannan ne guzurin da zai riƙa iske shi a kabari.

Sodangi ya tafi makarantar kwana tun yana ɗan shekara goma sha biyu. Shi a ganinsa, matan unguwa ɗauka kawai suke yi, Baba kuma kawaici ya yi masa yawa.

Ya fara aiki ba kama hannun yaro. Ya sa aka kawo ciyawar ado irin ta gidajen Abuja aka shimfiɗa a tsakar gida. Ciyawa a ranar Sakkwato, ku dai ku yi tunanin ruwan da ta sha. Da ƙwari suka fara yi mata tabo, ya je kasuwa ya sayo maganin feshi da injin fesawa na goyo.

Mai shagon ya ce masa, "Alhaji, murhi guda ga inji guda. Kak ka wuce haka."

Sodangi ya ce to. Da ya zo gida ya zuba murfi uku, wai don aikin ya yi sauri. Takardar da ke jikin kwalbar kuwa ko kallo ba ta ishe shi ba. Mutum mai digiri biyu, amma layi huɗu suka gagare shi karantawa.

Warin ya tsallaka katanga. Ba a jima ba sai ga Inna Saudatu, tsohuwar maƙwabciyarsu, aminiyar marigayiyar mahaifiyarsa, ta shigo tana toshe hanci da gefen mayafi.

Ta ce, "Sodangi, mi kaka zubawa gidan ga? Warin har ɗakina."

Ya ce, "Inna, maganin ƙwari ne. Na ciyawa ne kawai."

Ta ce, "Ƙwari ba yau sunka hwara ba. Tsohonka toka shika barbaɗawa, shi jiƙa ganyen dogonyaro shi yayyahwa. Abin da tsutsa tac ci kuma, shi ce rabonta na."

Sodangi ya yi 'yar dariya irin ta wanda ya ga duniya. Ya ce, "Inna, wancan zamani daban. Kuma don Allah a gaya wa matan unguwa su bar tsinkar zogalen nan. So nake ya cika ya yi kyau kamar lokacin Baba."

Tsohuwar ta dube shi. Sannan ta ce, "Ɗana, lokacin Malam iccen ga bai taɓa cika ba."

Ta juya ta fita. Shi kuwa bai gane komai ba, ya ɗauka rigimar tsufa ce.

Bayan 'yan kwanaki matarsa Wasila ta share gawar kanari biyu a gindin famfo. Ƙudan zuman da ke zuwa kan furen zogale suka ɗauke ƙafa. Shi kansa duk ranar da ya yi feshi da ciwon kai yake wuni. Wasila ta yi magana, ya ce zafin rana ne.

Da damina ta kankama sai tsutsa ta hau zogalen. Sodangi ya ga ganyen Baba ya fara huda, hankalinsa ya tashi. Ranar wata Alhamis da la'asar ya goya injinsa, murfi uku kamar kullum, ya wanke bishiyoyin nan bakwai tun daga gindi har ƙololuwa. Bai gaya wa kowa ba. A tunaninsa ai ya riga ya hana tsinka.

Inna Saudatu a ranar tana Tudun Wada wurin suna, ba ta ji warin ba. Kuma ita a wurinta hanin Sodangi iska ce, don ba shi ya ba su iccen ba.

Juma'a da safe ta fito da faifanta kamar yadda ta saba shekara talatin. Matar ɗanta, Ummulkhairi, tana jego wata biyu, nono ya ɗan ja baya. Inna ta tsinko ganye mai yawa, ta ɗauraye, ta dafa, ta kwaɗa da ƙuliƙuli, ta ba mai jego kwano guda ta ce ta cinye.

Kafin a sauko daga masallaci Ummulkhairi ta fara amai. Gumi ya rufe ta, yawu na zuba, idonta ya daina gani sosai. Aka sa ta a keke napep sai asibiti. Daga wasu gidaje biyu na lungun ma aka kwashi mutane, amma ita ce ta fi jin jiki.

Likita ya tambayi abin da ta ci, aka ce zogale, Inna ta tuna da feshin Sodangi ta faɗa, sai likitan ya ce a je a kawo masa kwalbar maganin. Sodangi da kansa ya kai.

Likitan ya juya kwalbar ya nuna masa rubutun, ya ce, "Alhaji, karanta nan."

Sodangi ya karanta. An rubuta ƙarara cewa ba a fesa shi a kan ganyen da za a ci.

Allah ya yi Ummulkhairi da sauran kwana. Kwananta biyar a gadon asibiti, aka hana ta shayarwa, kafin ta warke ɗan nonon da ya rage ya ƙafe. Jaririyar da madarar gwangwani ta tashi.

Sodangi ya je gidan Inna ya durƙusa a ƙofar ɗakinta. Ba ta yi masa faɗa ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi.

Ta ce, "Ka taɓa tambayar kanka mi yas sa rassan ga duk waje sunka nuhwa?"

Nan ta ba shi labarin da na ba ku. Ta ce, "Duk wadda tat tsinka, sai ta yi ma Malam addu'a kahin ta wuce. Ko bayan ranshi ba mu bari ba. Kai kaz zo ka gyara mai gida, ka toshe mai hanyar guzuri."

Sodangi ya yi kuka kamar ba dattijo ba.

Daga ranar babu wanda ya ƙara taɓa zogalen. Mata in sun zo wucewa sai su koma ɗaya gefen lungun, su riƙe hannun 'ya'yansu. Ba laifinsu ba ne, wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani gudu yake.

Bishiyoyin suka cika suka yi duhu, ganye har yana rinjayar da rassa. Abin da Sodangi ya roƙa ke nan, ga shi ya samu, amma ko ɗaga ido ya kalle su ba ya iyawa.

A lokacin ne ya gane abin da yake kewa tun farko. Ya tuna yana yaro, yana zaune kusa da Baba, sai reshe ya ranƙwafa ta waje, a ji ƙaras ƙaras, sannan muryar mace ta ce, "Allah shi saka ma Malam." Baba ya yi kamar bai ji ba, amma gemunsa na motsi da murmushi. Wannan muryar ce ta ɓace daga gidan, kuma shi ya kore ta.

Ya sa aka ɗaye ciyawar Abuja gaba ɗaya, aka kwashe ƙasar saman, aka zubo sabuwa da taki. Sauran maganin ya mayar wa mai shago, ya ƙi zubarwa a kwata. Zogalen ya sassare su har zuwa ƙugu don su sake sabon toho. Da suka toho, ya koma toka da ruwan dogonyaro. Ya riƙa sare rassan ciki yana barin na waje, yadda Inna ta ce Baba na yi.

Ganye ya dawo, ya leƙa ta saman katanga. Babu wanda ya taɓa.

Ya tsinka ya zuba a faifai ya ajiye a ƙofar gida. Har ya bushe babu wanda ya ɗauka. Ya sa Wasila ta yi kwaɗo, ya fito da tabarma ƙofar gida ya zauna yana ci a gaban kowa, duk Juma'a. Maza suka riƙa tsokanarsa, wai Alhaji ya buɗe gidan abinci amma shi kaɗai ne mai saye. Ya yi dariya tare da su, ya ci gaba.

Rani ya wuce, wata daminar ta zo ta wuce. Kullum da safe in ya gama ban ruwa sai ya zauna a gindin katanga ya kasa kunne. Ya ji takun masu wucewa, ya ji sun matso, ya ji sun wuce. Wasila takan kawo masa koko ta same shi a haka, ta ajiye ta koma.

Wata Juma'a da hantsi, shekara ɗaya da wata huɗu bayan abin, yana tsugune yana barbaɗa toka, sai ya ga reshen bishiya ta uku ya ranƙwafa waje.

Ya tsaya cak. Ya ji ƙaras, ya sake jin ƙaras. Ta saman katanga ya hango yatsu huɗu masu tamoji, da tsohon zoben azurfa.

Aka daɗe ana tsinka, ba gaggawa. Sannan muryar Inna Saudatu ta ce, "Allah shi jiƙan Malam Na'Allah, shi kai haske kabarinai."

Sai ta ƙara, da ƙarfi yadda na ciki zai ji, "Shi kuma ɗan ga nashi, Allah shi ƙara mai hankali."

Sodangi ya so ya yi kamar bai ji ba, irin na Baba. Bai iya ba. Hawaye na sauka cikin tokar da ke hannunsa ya ce, "Amin, Inna."

Da ya fita lungun ya tarar an yi wa reshen tas, babu ganye ko ɗaya. Ya daɗe a tsaye yana kallonsa. Tunda ya dawo Sakkwato, ranar ce ya fara ganin iccen yadda Baba ya bar shi.

Darasi: Abin da ka fesa a gidanka ba ya tsayawa a katangarka. Iska na ɗauka, tsuntsu na ci, maƙwabci na tsinka. Kafin ka buɗe kwalbar maganin ƙwari ka karanta abin da aka rubuta, kada ka wuce awo, kada ka fesa kan abin da za a ci, kuma ka sanar da na kusa da kai. Sannan in ka gaji wani abu daga iyaye, ka tambayi dalilin da ya sa suka bar shi haka kafin ka ce za ka gyara. Amana a yini guda take zubewa, kwashe ta kuwa sai an yi shekara. Ku tura wa duk mai lambu ko shuka a gida, wataƙila ku tsare wata mai jego.