Ƙahon Taken Ƙasa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wai dabbobin daji ne suka kafa gwamnati, Zaki shugaba, Dila jakada. Da aka zo maganar tuta, sai majalisa ta ce a zana mijin Barewa, don ƙahonsa ya fi na kowa kyau. Barewa kuwa sai murna, kullum tana shafa wa ƙahon man kaɗanya.

Ana nan sai ƙasar Kuraye ta nemi zumunci, ta aiko da ƙashi, irin wanda ke jikin tutarsu.

Dila ya ce, "Ranka ya daɗe, al'adar ƙasashe ce, kowa ya ba da abin da ke jikin tutarsa."

Barewa ta durƙusa gaban Zaki. "Allah ya ja zamaninka, a kai musu tutar mana."

Zaki ya ce, "Su aiko na gaske, mu aika ƙyalle? So kike a raina mu?"

Dila ya ce, "Haba uwargida, mijinki fa baƙon gwamnati zai zama!"

Aka raka mijin Barewa da kiɗa har bakin kogi.

Ba a daɗe ba Kuraye suka aiko da godiya, wai zumunci ya yi daɗi, ga tukuici. Aka kwance ƙunshi, sai ga ƙaho yana ƙamshin man kaɗanya.

Majalisa ta yi tafi. Har yau shi ake busawa in za a yi taken ƙasa, kuma doka ta ce kowa ya miƙe tsaye, har Barewa.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, nan na ajiye ta.