Dalilin da Ya Sa Giwan Ruwa Ke Tasowa Idan Ruwa Ya Yi Sanyi

Ku matso nan inuwa, yara, in ba ku amsar abin da kuka tambaye ni ɗazu a bakin gulbi. Kun ga masunci ya jefa ɗan guntun icce mai ƙugiya, babu tana a jikinsa, babu komai, yana jansa a saman ruwa. Sai ga giwan ruwa, duk girmansa da wayonsa, ya fasa ruwa ya haɗiye shi. Kuma ba ya yin haka sai da kaka, bayan damina ta wuce ruwa ya fara sanyi. Dalilin da ya sa yake haka tsohon labari ne.

A da can, giwan ruwa bai san saman ruwa ba. A can ƙasan gulbi yake zaune, cikin saiwoyin itatuwan da suka nutse, kuma a lokacin yana magana kamar ni da ku. Akwai alkawari tsakaninsa da mutanen wata tunga, wato ɗan ƙauyen masunta. Saman ruwa na mutane ne, shi ba ya tasowa, ba ya taɓa musu jirgi. Ƙasan ruwa kuwa, in da ɗumi, masunta na iya nutsawa su kama abin da Allah ya ba su. Amma da zarar ruwa ya yi sanyi, ƙasa ta zama tasa shi kaɗai. Wanda ya sauka, ba ya dawowa.

Sarkin Ruwa ne ke faɗin ranar. Kullum da safe sai ya je ya tsoma gwiwar hannunsa a gulbi. Ranar da ya janye ta da sauri ya ce, "Ruwa ya rufe," to daga ranar babu mai nutso sai baɗi.

Mutanen tungar suna da wata al'ada. Namiji ba ya nutso shi kaɗai. Matarsa ce ke zama a jirgi, ta riƙe igiyar da aka ɗaure masa a ƙugu, ta kife ƙwarya a kan ruwa tana bugawa a hankali, bugu bayan bugu, ba sauri ba tsayawa. Can ƙasa duhu ne, mutum yakan rasa ina ne sama ina ne ƙasa. Wannan sautin shi ke nuna masa hanyar gida.

A cikin masuntan akwai wani mai suna Labbo, da matarsa Tabawa. Shekararsu uku da aure. Labbo ba mai yawan magana ba ne, amma in ya dawo daga kamun kifi, kifin da ya fi kyau ba ya kai shi kasuwa, a gabanta yake ajiyewa ya wuce kamar ba shi ya kawo ba. Tarunsa kuwa, wato ragar da yake kama kifi da ita, Tabawa ce ta kaɗa zarensa da hannunta, damina biyu tana yi.

Wata rana da yamma tarun ya maƙale a saiwa can ƙasa. Labbo ya ja, ya ja, ya ƙi zuwa. Ya ce zai dawo da safe ya nutsa ya kwance shi. Da gari ya waye, Sarkin Ruwa ya tsoma gwiwar hannunsa, ya janye da sauri.

Labbo ya dawo gida ya ɗauko igiya.

Tabawa ta ce, "Maigida, ina za ka da igiya? Ba ka ji an rufe ruwa ba?"

Ya ce, "Yau aka rufe. Sanyin bai kai ƙasa ba tukuna. In sauka in kwance in taso, kafin giwan ruwa ya juyo ma na fito."

"Bar shi. Zan kaɗa wani."

"Damina biyu kika yi kina kaɗawa. Na ga yadda yatsunki suka tsage."

"Ai sun warke."

Ya ci gaba da naɗe igiyar. Ta san halinsa. In ta ƙi binsa, shi kaɗai zai tafi, babu mai riƙe igiya, babu mai buga ƙwarya. Sai ta ɗauki ƙwaryarta, ta dama 'yar fura ta sa ludayi a ciki, ta bi bayansa.

Hantsi ya yi lokacin da suka isa wurin. Babu kowa a gulbi sai su. Ta ɗaura masa igiyar, ta ƙulla, ta sake ƙullawa.

Ya yi murmushi ya ce, "Akuya za ki kai kasuwa?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Numfashi ɗaya. In bai kwance ba, ka baro shi."

Ya sha furar, ya yi bismillah, ya faɗa.

Tabawa ta kife ƙwarya ta fara bugawa. Igiya na ta zarewa daga hannunta, tana tafiya, tana tafiya, sai ta tsaya. Ta ce a ranta, ya isa saiwar. Ta riƙe nata numfashin, kamar yadda takan yi kullum don ta san iyakar nasa. Ƙirjinta ya cika, ta saki. Igiya ba ta motsa ba.

Can ƙasa, Labbo ya sa hannu a tarun ke nan sai ya ji an ja shi ta baya. Ya waiga. Giwan ruwa ne, ya kama igiyar da bakinsa, idanunsa jajaye kamar garwashi.

Ta gefen baki giwan ruwa ya ce, "Sannu da zuwa, Labbo. Sarkinku bai faɗa muku an rufe ruwa ba ne?"

Labbo bai iya amsawa ba. In ya buɗe baki ruwa zai shiga.

"Ba ka da ta cewa ko? To zauna. Ni ba na sauri."

A sama, Tabawa ta ja igiya. Kamar an ɗaure ta a dutse. Ta kafa ƙafa a gefen jirgi ta ja da hannu biyu, jirgin ya karkata, igiya ba ta zo ba. Da ta juyo, sai ta ga ƙwaryar da ta saki ruwa ya tafi da ita, tana can nesa tana juyawa. Gulbi ya yi tsit.

Ta san abin da shirun ke nufi. Ko ya kuɓuta, ba zai san inda zai nufa ba. Ta dubi inda 'yan kumfa ke tasowa, sun fi tsawon hannunta nisa, kuma suna raguwa. Ta lalube jirgin. Babu komai sai ludayin fura da zaren fatsar Labbo. Ta ɗaura ludayin a bakin zaren, ba ta ma lura ƙugiya na rataye a ƙarƙashinsa ba, ta wurga shi daidai kan kumfar.

Ta so ta ja shi daidai, bugu bayan bugu, yadda aka saba. Hannunta ya ƙi. Sai karkarwa yake yi. Ludayin ya ce bulum, ya tsaya. Ya yi rawa, ya karkace, ya yi shiru kamar ya mutu, ya sake zabura. Tana ta cewa, "Ka ji ni, ka ji ni."

Giwan ruwa ya san bugun ƙwarya, shekaru yana jinsa bai taɓa ɗaga kai ba. Wannan kuwa bai taɓa jin irinsa ba. Ya yi kama da wani ɗan abu mai rai da ya ji rauni, yana neman gudu ya kasa. Kuma lokacin sanyi ne, lokacin da yunwa ta fi damunsa. Ya daure. Ludayin ya yi shiru. Ya ce a ransa, ya tafi. Ludayin ya sake motsi.

Sai giwan ruwa ya saki igiyar.

Ya taso kamar kibiya. Ruwa ya tsage a gaban jirgin, wani baki kamar bakin randa ya buɗe ya rufe a kan ludayin. Zaren fatsa ya miƙe, ya yanki tafin Tabawa. Ba a taɓa ganin kifi kamarsa a tungar ba, ga shi ƙugiya ta kama leɓensa. Amma a ɗaya hannun ta ji igiya ta yi sako-sako. Ta watsar da zaren, ta kama igiya da hannu biyu.

Ta ja, ta ja, jini na bin igiyar. Da farko gashin kan Labbo ta gani. Ta cafko shi ta hammata, ita ma ba ta san inda ta sami ƙarfin ba, ta kwantar da shi a cikin jirgi ta danna cikinsa. Bai motsa ba. Leɓunansa sun yi fari. Ta sake dannawa. Ta kira sunansa, sunan da ba ta taɓa faɗa a gabansa ba tun ranar da aka kawo ta gidansa.

Ya yi tari, ruwa ya zubo.

Suna nan a haka sai giwan ruwa ya ɗago kai kusa da jirgin. Ya tofar da ludayin, leɓensa a yage.

Ya ce, "Ke, mene ne wannan?"

Tabawa ta rungume kan mijinta ta ce, "Ludayi ne."

"Ba shi na ji ba."

"Shi ne. Da shi ya sha fura ɗazu."

"Na san duma, ba ya jin tsoro. Abin da na ji tsoro ne a jikinsa, tun daga ƙasa nake jin yana karkarwa. Kin ɓoye shi."

Ta ƙara rungume mijinta.

Ya ce, "Mijinki ya sauko ƙasata, ni ma na taso samanku. Babu mai ƙarar wani, alkawari ya warware. Amma abin nan yana nan, kuma sai na same shi. Duk shekara in ruwa ya yi sanyi zan taso in neme shi, ni da 'ya'yana."

Ya nutse. Tun daga ranar bai ƙara yi wa ɗan'adam magana ba.

Labbo ya yi kwana goma sha biyu a kwance. Tarun ya ruɓe a can ƙasa, babu wanda ya koma ɗauko shi. Da ya sami sauƙi, babu taru babu halin nutso, sai ya ɗaura wa wani ludayi ƙugiya ya fita. Ya yini yana ja daidai, bugu bayan bugu. Ko motsi bai gani ba.

Ya dawo ya ce, "Ke yaya kika ja shi ne?"

Ta ce, "Ban ja ba. Hannuna ne ya ƙi tsayawa."

Ya daɗe yana duban tabon da ke tafinta. Washegari ya koma gulbi, ya jefa ludayin, ya tuna yadda ya farka ya ga fuskarta a kansa, ya ƙyale hannunsa ya yi abin da ya ga dama. Ruwa ya tsage.

Sauran masunta suka koya a wurinsa. Daga baya suka bar ludayi suka riƙa sassaƙa icce, yanzu ma har na roba ake sayarwa a kasuwa, da fenti da idanu. Amma jan bai canja ba.

To kun ji abin da ya sa har yau, in kaka ta yi ruwa ya huce, giwan ruwa ke barin ƙasa ya taso yana cafkar abin da ba ya ciyuwa. Yana neman abin nan mai tsoro ne, kuma bai same shi ba tukuna. Gobe in kun je bakin gulbi, ku bar kallon ruwan, ku kalli hannun masuncin. Zai girgiza, ya tsaya, ya sake girgizawa. Hannun Tabawa yake kwaikwayo.