Makullin Zabirar Malam Ilu

Ga labari, ku kasa kunne da kyau, don in ya ƙare ku ne alƙalai.

A wata kwalejin fasaha an yi wani malami, Malam Ilu, mai koyar da rubuta manhajar kwamfuta. A wancan zamani kwamfutocin ɗakinsa ba su da yawa, manya ne masu ƙugi, ɗalibai suna cunkushe a gaban kowace. In an ɗauke wuta sai a koma allo da alli, kafin a lallaɓa janareta ya tashi. Har ya tsufa Malam bai manta da ɗakin nan ba: ƙurar alli a hannun riga, ɗumin injuna, da ɓawon gyaɗar da ake turawa ƙarƙashin tebur.

Dokarsa ɗaya ce. Duk abin da ka ga ka rubuta sau biyu, ka cire shi, ka mai da shi ɗan mataimaki mai aiki guda, ka ajiye inda kowa zai ɗauka. Wani mataimakin ya tsara kwanan wata, wani ya jera sunaye, wani ya raba lamba. Ma'ajiyar ya sa mata suna Zabira, don mahaifinsa wanzami ne, ya tashi yana ganin kowace aska da gurbinta.

Shekaru suka ja, Zabira ta hau intanet. Masu rubuta wa makarantu manhaja suna ɗiba daga cikinta, haka masu yi wa ƙungiyoyin manoma da ƙananan asibitocin karkara. Kowa na iya kawo gyara, amma makulli ɗaya ne, yana hannun Malam. Shi ke cewa wannan ya shiga, wannan ya koma.

Ana nan sai idon Malam ya fara dushewa. A daidai lokacin kuma aka sabunta harshen kwamfutar da aka rubuta Zabira da shi, sababbin injuna ba sa jin tsohon. Labari ya iso masa cewa za a sauya wa asibitocin nan kwamfutoci kafin damina. Ya san in ba a sake ɗinke Zabira ba, ranar da aka kunna sababbin injuna ranar za a binne ta. Shi kuwa ko layi ɗaya ba ya iya karantawa sai ya manna fuska a allo. Sai ya aika wa tsofaffin ɗalibansa uku: Mudi, Hansatu da Zuwaira.

Mudi tun yana ɗalibi hannunsa ya fi na kowa sauri. Yanzu babban ma'aikaci ne a wani kamfani a Legas. Ya ɗauki hutun da ya daɗe yana tarawa don iyalinsa, ya zo ya tare a zauren Malam. Ya bi mataimakan nan ɗaya bayan ɗaya yana juya su zuwa sabon harshe, har da waɗanda ya rubuta yana saurayi, yana gani yana dariyar wautarsa. Aikin da zai ci wani shekara, shi ya gama kafin hadarin farko. Ba don shi ba, da babu wata sabuwar Zabira da za a yi magana a kanta.

Hansatu kuwa ba ta taɓa rubuta mataimaki ko ɗaya da ya yi suna ba. Aikinta gwaji ne. Tun a kwaleji, duk mataimakin da aka jefa a Zabira sai ta rubuta masa tambayoyi: in an ba ka kaza, dole ka amsa kaza. Abokan karatunta suna tsokanarta da Sarkin Zargi, ba ta daina ba. Da Mudi ya gama sai ta saki gwaje-gwajenta a kan aikinsa. Duk suka wuce, sai guda ɗaya, na wani ɗan mataimaki da ake kira Raba. Tsohon Raba in ka ce ya raba bakwai gida biyu, uku yake cewa, ya zubar da ragowar. Sabon ya ce uku da rabi.

Wata la'asar suka taru a zauren, Malam yana kishingiɗe yana saurare.

"Sarkin Zargi, bakwai a raba biyu nawa ne?" in ji Mudi. "Ko sai na kai ki firamare? Gwajinki ne ya tsufa. A goge shi mu wuce."

"Ba a gogewa," in ji Hansatu.

"To mene ne dalilin zubar da ragowar?"

Hansatu ta sake buɗe gwajin ta duba. Ita ta rubuta shi, amma dalilin ya ɓace mata. Malam ma ya laluba ƙwaƙwalwarsa bai samu ba, abin da ya fi dushewar idon ƙona masa rai. Duk da haka Hansatu ta ce ba ta sa hannu. Ba don taurin kanta ba, da sabon Raba ya tafi asibitoci ba wanda ya lura.

Zuwaira ita ce mai yawo. Ba ta kai Mudi sauri ba, ba ta da haƙurin Hansatu a gaban allo, amma shekara da shekaru ita ke hawa mota tana zuwa wurin masu amfani da Zabira, ta zauna da su ta ga yadda suke aiki. Ranar ta iso a makare, da ƙullin dabino a hannu. Da ta ji gardamar sai ta ajiye ƙullin.

"Malam, ka manta da Baba Sabitu mai ba da magani a asibitin karkara?" ta ce. "A gabana ya roƙa. Da Raba manhajarsu ke lissafa ƙwayoyin yara bisa nauyinsu. In ta ga rabi, cikawa take yi ya zama ƙwaya guda. Yaron da ya kamata ya sha uku sai a ba shi huɗu. Shi ya sa ka ce Raba ya riƙa zubar da ragowa."

Mudi ya cire hularsa ya fifita fuska. "Allah ya kiyaye," ya ce a hankali. Kafin magariba ya mayar da Raba yadda yake. Ba don Zuwaira ba, da wataƙila bakin Mudi ya rinjayi Hansatu.

Zabira ta tashi a kan sababbin injuna lafiya lau. Damina ta sauka, asibitoci suka ci gaba da aiki, ba wanda ya san an yi wata gardama a wani zaure.

Amma idon Malam bai dawo ba. Dole ya miƙa makulli, kuma ya ce ba zai raba shi uku ba, don ya ga ma'ajiyoyi da yawa da suka lalace saboda kowa na jiran wani ya yanke magana. Ya kira su ya gaya musu.

"A ba Zuwaira," in ji Mudi.

Zuwaira ta ce, "Ni da ban iya rabin abin da ka iya ba? A ba Hansatu."

"Ni ban san dalilin komai ba," in ji Hansatu. "A ba mai hannu."

Malam ya yi murmushi, yana ganinsu dishi-dishi kamar yadda suke zama a gaban kwamfuta ɗaya a da. In ya ba Mudi, Zabira za ta ci gaba da girma, amma ya ji da kunnensa lokacin da Mudi ya ce a goge. In ya ba Hansatu, kuskure ba zai shiga da sauƙi ba, sai dai sabon abu ma zai daɗe a bakin ƙofa. In ya ba Zuwaira, masu amfani da Zabira sun sami mai jin kukansu, amma ranar da harshen ya sake canzawa sai ta nemi hannun wani.

Har yau makullin yana wurin Malam, ido kuma kullum ƙara rufewa yake yi. To, ku da kuka ji, wa ya fi cancanta ya karɓa: wanda ya sake ginawa, ko wadda ta ƙi sa hannu, ko wadda ta san dalili?