Ƙullin Kaya Ranar Ashura

Don girman Allah, duk wanda ya gane ni kada ya faɗi sunana. Wayar ma ba tawa ba ce, aro aka ba ni. Ban yi nisa a makaranta ba, in kun ga kuskure ku wuce. Kakata ce ta ba ni labarin nan tun kafin a kawo ni birni aikatau, yau kuma ya tokare mini wuya, sai na faɗe shi.

An ce a wani zamani an yi wani sarki mai yawan ibada, mai saurin hawaye. Ya ci wani gari da yaƙi, ya koro mutanensa kaf, ya zuba su cikin ganuwar garinsa suna yi masa tubali. Maza na haƙa, mata na ɗebo ruwa, tsofaffi na tattaka laka. Wanda ya zauna, bulala. Wanda ya mutu, a ja shi gefe a ci gaba.

Amma duk ranar Ashura sarkin nan sai ya ɗauki azumi, ya tara fadawa, a ba shi labarin yadda Allah ya fitar da Banu Isra'ila daga hannun Fir'auna. In an zo wurin da teku ya tsage, sai ka ga yana kuka har gemu ya jiƙe. Kuka fa. Ga mutane can bayan katanga ƙafa duk ta farfashe, shi yana nan yana yi wa bayin wani zamani kuka.

Wata shekara, ranar Ashura da hantsi, sarkin dogarai ya shigo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce bayi sun shirya gudu. Ya leƙa bukkokinsu, kowa ya ɗaure tsummokaransa a ƙulli ya ajiye bakin ƙofa, har takalman yara an jera. Sarki ya fusata, ya ce da an sha ruwa a sare kan manyansu. Daga nan ya juya wajen wani tsohon malami, Malam Jibo, wanda shi zai ba da labari a ranar, ya ce ya fara da addu'a, Allah ya yi musu irin abin da ya yi a wannan rana.

Malam Jibo bai fara ba. Sarki ya sake faɗa. Sai tsohon ya ce, "Ya sarki, ina tsoron a amsa."

Sarki ya tambaye shi tun yaushe malami ke tsoron amsar addu'a. Malam Jibo ya ce a waccan rana mutane iri biyu ne suka shiga teku, masu laka a ƙafa da mai zobe a hannu, kuma iri ɗaya ne suka fito. Ya ce, "Ya sarki, ka dubi ƙafarka, ka dubi hannunka, sannan ka ce in roƙa."

Sarki ya miƙe tsaye. Ya ce shi da yake salla da azumi za a haɗa da Fir'auna? Bayin nan da takobinsa ya same su, halalinsa ne. Malam Jibo ya ce wancan ma haka ya ɗauka. Ya ce in sarki na ganin ƙarya yake, a kira ɗaya daga cikinsu a tambaye ta dalilin ƙullin, in gudu ne a fara sare nasa kan.

Aka kawo wata tsohuwa, sunanta Tasalla, laka har gwiwa, leɓe ya bushe. Ita ma azumi take, a cikin wannan rana, tana tattaka laka. Sarki ya tambaye ta ta wace ƙofa suka shirya gudu. Ta ce babu ƙofa, duk a rufe suke, kowa ya sani. Ta ce ƙullin nan ba bana suka fara ba, duk Ashura suna ɗaurewa, in rana ta faɗi su kwance. Ya ce to haukan me ke nan, mutum ya yi shirin tafiya babu hanya?

Ta ce, "Ranka ya daɗe, su ma da suka isa bakin teku babu hanya. Ba ma so ranar da Allah zai buɗe ya same mu muna neman takalmi."

Sarki ya tambaya a hankali, shi fa, me suke roƙa a kansa? Ta ce, "Kai ba mu taɓa sa ka a addu'a ba. Ai ka san ƙarshen labarin, kullum ana ba ka."

An ce a ranar sarki bai yi kuka ba. Ya zare zobensa ya ajiye, ya tashi ba takalmi ya tafi ƙofar gari, ya cire sakata da hannunsa. Aka kira salla, aka miƙa masa ruwa, ya ƙi sha sai da ya ga na ƙarshensu ya fita da ƙullinsa a ka. Malam Jibo ya tsaya gefensa ya ce, "Ya sarki, adalci ba a ido yake ba, a hannun da ke riƙe da mabuɗi yake."

To. Gobe Ashura. Gidan nan kowa zai yi azumi, tun safe nake tuƙa musu tuwon cika-ciki. Hajiyar da nake wa aikatau ma tana kuka in an sa wa'azin a rediyo, na gani da idona. Sau nawa na roƙe ta in je in ga uwata, ta ce ba yanzu ba, kuma mabuɗin get yana ɗaure a bakin zaninta. Ni dai na ɗaure nawa a leda, yana bayan buhun gawayi, silifas ɗina na kai. In Allah ya

Ga takunta nan.