Kifin Inna da Kunnen Oga Pyo

Akwai wani bakanike a birnin Daegu da ake kira Oga Pyo, wanda ya ce kunnensa ya fi kwamfuta. "Ku tayar da mota kawai, daga kujerar nan zan gaya muku ciwonta." Haka yake cika wa direbobin tasi kunne kullum suka zo cin taliya a shagon da ke jikin garejinsa. Wai shekara talatin bai taɓa kuskure ba.

Wani direba mai suna Gil-ho, mutum mai sanyin hali, ya kai masa tasinsa saboda sitiyari na ƙara. Pyo ya kwance, ya gyara, ya mayar.

Washegari hon ya daina magana, esi kuma ya koma hura iska mai zafi. Ga shi watan Agusta ne, lokacin tsananin zafi a can. Fasinja zai shiga, kafin a kai mahaɗa ta biyu ya ce a sauke shi. Kwana uku Gil-ho bai yi aikin kirki ba, har ofishin kamfanin tasi suka ce in aka sake kawo ƙararsa zai ajiye motar.

Ya koma garejin da tsakar rana tare da mahaifiyarsa, Inna Sun-ja, da ya ɗauko daga kasuwa.

"Oga, tun da ka taɓa sitiyarin nan..."

"Dakata. Me ya haɗa sitiyari da esi? Kai tuƙi ka sani, tsaya a tuƙi."

Gogan naka bai ko tashi ba. Ya karkata kunne, ya ce gas ne. Aka ƙara gas, zafi na nan. Ya ce fiyus ne. Aka zaro fiyus, lafiyarsa lau. Direbobi suka fara fitowa da kwanonin taliya a hannu, sun sami abin kallo.

Da ya ga ido ya yi yawa, sai ya leƙa motar ya shaƙi iska, ya hango busasshen kifi irin wanda mutanen can ke ɗaurawa da farin zare ranar da aka sayi mota don neman tsari. Inna ce ta ɗaura shi da hannunta a ƙarƙashin sitiyari.

"Yawwa, ga ciwon," in ji Pyo da ƙarfi. "Kifin tsohuwa ya kira ɓeraye, sun cinye wayoyi. Inna, mota ce wannan ko tukunyar miya? Kin kashe wa ɗanki sana'a da camfi."

Wasu suka yi dariya. Gil-ho ya sunkuyar da kai.

Inna ta miƙa wa ɗanta jakarta, ta durƙusa da ƙyar don ta cire kifinta. Ta ɗan jima a ciki, sannan ta ce, "Gil-ho, zo ka gani. Wa ya yanke mini zare?"

An yanki zaren kusan kamu ɗaya. Ta bi da hannu ta samo guntun can sama, an ɗaure wani soket mai wayoyi da shi a jikin ƙarfe, nesa da gurbinsa. Ashe ranar gyara ne Pyo ya cire soket ɗin don kada ya tare masa hannu, ya rasa abin ɗauri ya yanki zaren tsohuwa, sannan ya manta.

Gil-ho ya kwance, ya jona soket ɗin a gurbinsa. Ya danna hon, sai da Pyo ya zabura. Esi ya fara huro sanyi.

Wani tsohon direba ya kurɓi romo ya ce, "Oga Pyo, ashe ɓerayen garejin nan har ƙulli sun iya?"

Inna ta duba guntun zaren, ta sa wa Pyo a tafin hannu.

"Riƙe, ɗana. Ka ɗaura a kunnen."

Darasi: In abu ya lalace bayan ka taɓa shi, fara bincikar hannunka kafin ka ɗora wa tsohuwa da kifinta. Ku tura wa duk gwanin da kuka sani wanda ke gyara daga kan kujera.