Amalanken Gafiya

Ga ta nan tafe gare ku.

Ta iso mu ji ta.

Gafiya makauniya ce mai amalanke. Duk wanda zai ja mata sai ya faɗi abin da ya iya, da wannan take sarrafa shi.

Jaki ya ce, "Ina ja, ina tsayawa, amma nakan gaji." Ta kore shi.

Sai ga wani baƙo, ba a jin takunsa. Ya ce, "Iya, ina ja, ba na ci, ba na gajiya."

Gafiya ta ce, "Ya isa." Ta ɗaura masa amalanken, ta hau.

Suka wuce kasuwa, suka wuce maƙabarta. Ta ce, "Tsaya mana."

Ya ce, "Iya, kin ji na ce ina tsayawa?"

Har yau in kun ji kukan taya a bayan gari, kada ku leƙa.

Ƙurunƙus, kan gafiya.