Mutumin da Ya Ƙi Yin Nishin Ƙarya

An yi wani mutum a wani gari can baya, wani bawan Allah ana ce masa Nomau. Ba malami ba ne, ba mai hali ba ne. Amalanke yake turawa, ya ɗauko wa 'yan kasuwa buhunan gero daga tasha, a ba shi abin da aka ba shi. Ku saurara da kyau. Kai ma da ka jingina da ginshiƙi kana gyangyaɗi, da kai nake.

Garin nan asibiti ɗaya gare su, na gwamnati, na talakawa. Asibitin ya tsufa, kwano na yoyo, magani ya ƙare. Ka kai mara lafiya, malamin asibiti ya duba shi ya ce je ka sayo magani, kai kuwa ko na koko ba ka da shi. Sai mutane suka daina zuwa. Kowa ya ja nasa ɗaki, a jiƙa saiwa, a jira ikon Allah. Gadajen asibiti suka zama wayam.

Nomau yana da mata, Tabawa, mai ciwon numfashi. In ya taso mata, daga zaure kana jin ƙirjinta yana kuka. Allura ce kawai ke kwantar da shi, malamin asibiti kan yi ta fafutuka ya samo mata. Birni da nisa, ga rafi a tsakani, in damina ta sauka mota ba ta ƙetarewa. In aka rufe asibitin nan Tabawa ba za ta ga kaka ba, kuma Nomau ya san haka.

Sai labari ya zo cewa gwamnati za ta turo babbar likita ta duba. In ta tarar da marasa lafiya, za a ware kuɗi a gyara, a zuba magani. In ba ta tarar ba, a sa kwaɗo a ƙofa, a kwashe ma'aikata zuwa birni. Jama'a, tsoro ya kama garin nan. Mai tsohon ciki ta kasa cin abinci, mai tsoho a gida ya rasa abin da ke masa daɗi.

Mai Unguwa Jatau ya tara mutane ya ce, "Dabara ɗaya ce. Ranar da za ta zo, kowane gado a samu mai kwanciya. Ko ƙato ne ya shafa toka a leɓe, ya ja bargo, ya yi nishi." Mutane suka ce madalla. Kada ku yi dariya. Tsoro ne ya sa su, ni da ku da muna wurin, wallahi da mun ja bargon nan.

Ya juyo wajen Nomau ya ce, "Kai ga ka ramamme, ko toka ba ka buƙata. Gadon bakin ƙofa naka ne."

Nomau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a yafe mini. Allah Ya ba ni lafiya, ina tsoron in kwanta in ce ba ni da ita. Marasa lafiya ai muna da su, suna cikin ɗakuna. Me zai hana a fito da su?"

Mai Unguwa ya haɗe rai ya ce, "Mai gyambo yana wari, mai tari yana tofar da jini, su za mu shimfiɗa wa baƙuwa? A ce garinmu ƙazamai ne? Baƙo tsabta ake nuna masa. Ka ji ni da kyau, Nomau. In aka rufe asibitin nan saboda taurin kanka, ka san wadda za ka fara binnewa."

Nomau ya koma gida. Ya gaya wa Tabawa duk yadda aka yi. Ta ce, "Malam, ina tsoron mutuwa, ba zan ɓoye maka ba. Amma kada ka yi ƙarya saboda ni. In ranar ta zo, ka fara kwaso na wasu gidajen, ni ka ɗauke ni daga baya."

Ranar ta zo. Nomau ya shimfiɗa tabarma a amalanke, ya bi gida gida yana sallama. Wani ya zage shi, wani ya rufe ƙofa, wata tsohuwa ta ce ɗauki ɗana, ko ba komai ya ga rana. Da ya isa asibiti da waɗanda ya samu, mai gadi ya ce an hana su shiga. Sai ya kwantar da su a gindin dalbejiya ta bayan katanga, ya koma ya ɗauko wasu, ya koma ya ɗauko wasu. Gumi na zuba, bai san ko gyara yake yi ba ko ɓarna.

A ciki kuwa likita ta shiga ɗakin kwanciya, nishi ya kaure ta ko'ina. Ta tsaya kan wani ƙato, ta riƙe hannunsa, ta buɗe idonsa. Ta sa auduga ta goge leɓensa, toka ta fita, jan goro ya bayyana. Fuskarta ta canza. Ta ce, "Ni za ku raina wa hankali? Asibitin da sai an aro masa marasa lafiya ba ya buƙatar kuɗin jama'a." Ta fice. Masu nishi suka watsar da barguna suka biyo ta ba takalmi, Mai Unguwa yana roƙo, ko waiwaye ba ta yi ba.

Motarta ta zo fita, sai ga amalanke ya tare ƙofa. Nomau ne da Tabawa a kai, ciwon ya taso mata a hanya, idonta ya firfito, tana neman iska ba ta samu. Likita ta diro, ta rungume ta, ta ɗaga kai ta hango waɗanda ke kwance a gindin bishiya. Ta ce, "Malam, waɗancan su wane ne?"

Nomau ya ce, "Su ne masu asibitin, Hajiya."

Ta ce a kawo allura maza. Malamin asibiti ya sunkuyar da kai ya ce ta ƙare tun watan jiya. A nan bakin ƙofa, a hannun likitar gwamnati, Tabawa ta cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba a rufe asibitin ba. Likitar ta koma ta faɗi abin da idonta ya gani, aka ware kuɗi, aka gyara kwano, magani ya zo. Da yawa daga waɗanda ya kwantar a gindin bishiya sun tashi. Nomau ya ci gaba da tura amalankensa, ya koma gidan da babu kowa, bai taɓa yi wa Mai Unguwa gori ba.

To, abin da nake so ku riƙe shi ne, ƙarya ba ta ceton al'umma ko da niyyar mai yin ta kyakkyawa ce. Gaskiya ce ke ceto, kuma wani lokaci mai yin ta shi ke ɗanɗanar ɗacinta, ladansa yana wajen Allah. Kai da kake zaune a ofis inda ake raba kuɗin jama'a, ka ji tsoron Allah. Allurar da ka jinkirta, akwai wadda take jiran ta da ranta, kuma za a tambaye ka. Mu kuma talakawa, mu daina ɓoye ciwonmu don kunya, mu daina fentin bango ranar da manya za su zo. Mu nuna musu abin da ke akwai, mu tsaya a kai sai an gyara.

Yanzu haka, a unguwar nan, akwai ɗakin da wani yake kwance an ja masa labule. Kun san gidan, ni ma na sani. In mun shafa fatiha, kada kowa ya zarce gida sai ya leƙa shi. Allah Ya sa mu cika da gaskiya, kada Ya kama mu da ran wanda muka yi shiru a kansa.